Kawu Ya Ce Tsibiri, Gwaggo Ta Ji Tsibbu

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa na ga abin da ban saba gani a zaman makoki ba: dattawa suna danne dariya da gefen rawani. Mutum zai zo ya durƙusa, ya yi wa 'ya'yan mamaci gaisuwa, a shafa fatiha, ya koma gefen tabarma da jajayen idanu. Can sai wani ya ce, "Kun tuna ranar damon nan?" Sai ka ga kafaɗu suna rawa. Limamin garinmu, wanda suka taso tare da Kawu tun suna yara, kuka ya ƙwace masa a kabbarar farko ta jana'iza har sai da ya tsaya ya share hawaye. Amma kafin la'asar shi ne ke ba da labarin marigayin yana dukan cinya.

An zo daga Sifawa, an zo daga Horo Birni da Dandin Mahe, wasu a kan babur, wasu a ƙasa. Matan Fulani suka shigo da ƙoren nono da babu wanda ya aike su. Ungozomar gari ta zauna a bakin ƙofar mata tana kuka tana tambayar inda za ta riƙa samo sassaƙen magani yanzu. Akwai kuma wasu masu sayar da itace su biyu da suka zauna can nesa da jama'a har sai da na fito yin alwala. Ɗaya ya kamo hannun rigata ya rage murya.

"Tela, Allah shi jiƙan shi. To amma abin nan da yab binne, an tone shi ko shina nan?"

Na ce, "Wane abu?"

"Kai ma ka sani. Tsibbun."

Dariya ta taso mini, sai kuma ta koma ciki, don na gane abin da tambayar ke nufi. So suke su ji ko lokacin wasa gatari ya yi. A nan tsoro ya kama ni, kuma tsoron nan ne ya sa na zauna rubuta wannan, ni da aikina keken ɗinki ne a kasuwar Bodinga. Kawu yayan mahaifiyata ne. A gidansa na yi yaye, a gonarsa na fara riƙe fartanya, kuma ba na so jikokinmu su tashi su ji an ce kakansu boka ne, ko su ji ba a ce komai ba.

Kawu manomi ne, gero da dawa a tudu, albasa a fadama. Da ƙuruciyarsa babu wanda ya kai shi sassabe a yankinmu. In za a buɗe sabuwar gona shi ake fara nema, don in ya shiga kurmi da safe, kafin azahar kana hango garin gaba. Yana alfahari da haka, mu ma muna yi masa. Abin ya juya ne shekarar da Allah Ya kira shi aikin hajji, lokacin furfura ta fara shigar masa gemu.

A Mina tantinsu ya yi maƙwabtaka da na wasu alhazai 'yan ƙasar Indonesiya. Kawu mutum ne da ba ya iya zama kusa da baƙo bai yi masa magana ba, ko da kuwa da hannu ne. Ya ƙulla abota da wani siririn dattijo a cikinsu, suna haɗa 'yar Larabcin da kowa ya tsinta a zauren malaminsa, sauran kuma su cike da nuni. Mutumin ashe mai gadin gandun daji ne a ƙasarsu. Labarin nan na ji shi daga bakin Kawu har na haddace, kuma kullum haka yake fara shi:

"Yac ce ƙasassu ba tudu guda ta ba awa tamu. Yad ɗauko ƙwallayen dabino yaw watsa bisa tabarma. Yac ce tabarmar ga ruwa ta, ƙwallayen ga su na ƙasa. Jazira, jazira, jazira. Nic ce to, tsibiri ke nan. Sai yas sa yatsa bisa wanga, yas sa bisa wancan, yac ce nan da nan da can gwamnati ta hana a taɓa. Ba a sara, ba a halbi, ba a sa wuta. Har cikin ruwan akwai inda anka hana sa taru, don kunkuru shi samu wurin yin ƙwai."

Mutumin ya ciro wasu 'yan hotuna daga jakar wuyansa ya nuna masa. Akwai jan biri mai dogayen hannuwa da ke kwana a kan itace. Akwai wani damo da Kawu ya rantse ya kai ɗan maraƙi, har akuya yake ci, kuma an ware masa tsibiri sukutum da ma'aikata masu kaki suna tsaron lafiyarsa. Duk lokacin da Kawu ya zo nan sai majalisa ta kece. "Gwamnati na gadin damo?" Shi kuma ya ce, "Da ido na nig gani, ga hoto."

Ya ce a motar da ta ɗauko su daga Sakkwato zuwa gida ya leƙa ta taga, ya ga gona bayan gona har iyakar ganinsa, babu inda zomo zai ɓuya. Ya tuna dajin da ya taso ya tarar, mai gada da zabi da fakara, ya tuna kuma da hannun wanda aka sare shi. "Sai nig ga ashe mu ma ruwa ya cinye mu," in ji shi, "ruwan gona. Ko tsibiri guda ba mu bari ba."

Kuskuren da ya bi shi har kabari ya faru ne ranar da aka taru yi masa barka da dawowa. An raba dabino, an kurɓi zamzam, kowa ya karɓi tasbaharsa. Babbar yayarsu, wadda gari duka ke kira Gwaggo, tun lokacin kunnenta ya fara nauyi. Ta matso ta ce, "Ka ba kowa tsaraba. Kai mi kas samo ma kanka?"

Kawu ya ce, "Tsibiri nis samo, Yaya."

"Mi?"

Ya ɗaga murya. "Tsibiri."

Gwaggo ta riƙe baki. "Tsibbu? Makka kat tahi, ka komo muna da tsibbu?"

Waɗanda ke kusa suka yi dariya, aka wuce wurin. Amma matan da ke can baya muryar Gwaggo kaɗai suka ji, kuma kafin magariba maganar ta isa bakin rijiya. Ba na ganin laifinsu sosai. Mu mutanen tudu ne, wanda ya fi kowa ganin ruwa a cikinmu tafkin damina ya gani, kalmar tsibiri ba ta cikin abin da muke faɗa a wata. Tsibbu kuwa ko yaro ya san shi: laya, binne-binne, surkulle da abin da ba a tambaya.

Da damina ta zo, Kawu ya ware wurare uku a cikin gonakinsa ya ce ba za a sake sa musu fartanya ba. Na farko wani lungu ne mai tsohuwar kuka da kututturan ƙirya, ya sa masa suna Tsibirin Damo. Na biyu kwazazzabo ne mai geza da sabara, shi ne Tsibirin Biri, ko da yake biri kam har Kawu ya bar duniya ba mu ga ko wutsiyarsa ba. Na uku, wanda ya fi su girma da kyawun ƙasa, yana bakin fadama, da tsamiya da kanya da giginya biyu. Shi ne Tsibirin Kunkuru.

Yanzu ku dubi abin da mutane suka gani da idonsu. Sun ga Alhaji ya shafe duwatsu da farar ƙasa ya kafa a kusurwoyi, don abokinsa ya ce a can ma haka ake sa alamar iyaka. Sun ga ya haƙa rami ya binne kasko har wuya, ba su tsaya sun ga ruwan tsuntsaye yake zubawa ba. Sun ga ya rataye amya, gidan zuma, a kan tsamiya. Sun ga kullum da hantsi yana kewaya wurin shi kaɗai, tasbaha a hannu, leɓe yana motsi. Fararen duwatsu, tukunya a binne, ga raɗa. Sai kuma Allah Ya kawo wani mai itace daga nesa wanda bai san zancen ba, ya shiga Tsibirin Kunkuru ya kai wa tsamiyar sara. Zuma ta sauko masa. Ya isa gida fuska a kumbure har matarsa ta tsaya tana tambayar ko wane ne. Daga ranar, ko busasshen reshe ya faɗo kan hanya sai a tsallake shi.

Kawu da ya ji labari ya bari sai da aka sha zuma, ya cika ɗan kwano ya tafi har garin mutumin. Ya yi sallama ya miƙa masa ya ce, "Waɗanda sunka cije ka sun aiko a ba ka haƙuri." Mutumin ya karɓa. An ce sai da ya kai wa malaminsa ya tofa kafin ya lasa, amma daga baya ya zama ɗaya daga cikin masu zuwa gaida Kawu duk sallah.

A cikin gida kuwa babu mai tsoron tsibbu, don akwai Inna, matar Kawu, mace mai baki kamar sabuwar almakashi. Gayaunarta tana jikin Tsibirin Damo, kuma da zabi suka fara dawowa, da gyaɗarta suka fara buɗa baki. Ta ce, "Mutane na bar ma ɗiyansu gona, kai kana bar ma kurege." Ta rantse ƙafarta ba za ta taka wurin ba, kuma ta cika rantsuwarta duk tsawon rayuwarsa. Sai dai kullum da safe, in Kawu ya fito, zai tarar da tulu cike a bakin zaure. Za ta turo shi da ƙafa tana cewa, "Ɗauki ka kai ma 'yan uwanka, kar su ce ni na hana su sha." Shi kuma ya saɓa a kafaɗa ya ce, "Za ni gaya masu kina gaisuwa."

Shekaru suka tura, wuraren suka cika. Kalgo ya tofo, magarya ta yi 'ya'ya, aduwa ta fito inda babu wanda ya shuka ta. Kurciya da hasbiya suka yi sansani. Wata ranar kasuwa ina kan keke ina ɗinka wa wani riga, sai ga saƙon Kawu wai in bar abin da nake yi in zo. Na ɗauka rashin lafiya ce, na hau babur ko zaren wuyana ban cire ba. Na tarar ya tara dangi da maƙwabta a bakin Tsibirin Damo, ya sa babbar rigarsa ta sallah, yana raba goro kamar ranar suna. Ya sa yatsa a baki ya nuna mana gindin kuka. Damo ne kwance yana shan hantsi, tsawonsa bai wuce daga gwiwar hannu zuwa yatsa ba.

Babban ɗan Kawu, taubashina, wanda ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, ya daɗe yana kallo sannan ya ce, "Baba, wanga na mai cin akuya?"

Kawu bai ko juyo ba. "Ba shi lokaci."

Wannan ita ce ranar damon da dattawa ke tunawa a wurin makoki. Ni abin da na fi tunawa fuskarsa ce. Ban taɓa ganin babban mutum yana murna irin ta ranar ba, har hawaye ya gangaro masa cikin gemu, bai share ba.

Rigima ɗaya na san ya yi mai tsanani, da Liman. Da farko Kawu yana jin daɗin jita-jitar. In aka gaya masa abin da ake faɗa sai ya yi dariya ya ce, "Bari su ji tsoro, icce na hutawa." Liman bai ga abin dariya ba. Ya same shi a zaure, ina zaune, ya ce, "Alhaji, ƙasar ga ta malamai ta, ga Sifawa nan kusa. Ana cewa aminin liman na binne tukunya, kai kuma kana murmushi. Kana gadin icce da ƙarya." Kawu ya ce shi bai taɓa cewa yana da tsibbu ba. Liman ya ce, "Ba ka ce ba, amma kana cin amfanin shi." Ya tashi ya bar furar da aka dama musu. Daminar nan kaf ba su sha fura a ƙwarya ɗaya ba, su da tun suna samari ba su taɓa rabawa ba.

Maganar ta ci Kawu. Wata Juma'a bayan an sallame ya miƙe a ƙofar masallaci rungume da kaskon da ya tono daga Tsibirin Biri. Ya kife shi a gaban jama'a. Ruwa ya zubo da 'yan gashin tsuntsu da kashinsu. Ya ce, "Jama'a, ku shaida. Babu laya, babu komi. Icce na da tsuntsaye. Tsibiri nic ce, yayata ba ta ji da kyau ba." Kowa ya gyaɗa kai, aka ce Allah Ya saka da alheri. Ina fitowa na ji wani yana raɗa wa ɗan uwansa, "Ka ga gwani. Har ya san wadda a ka ɓoye abu." Da na kai wa su Kawu wannan magana, Liman ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya ce a kawo furar.

Amma daga nan Kawu ya canza. Ya ce mini, "Ɗan ƙanwata, abin da tsoro ya tsare, ranar da mai ban tsoron yam mutu ya ƙare." Sai ya buɗe tsibiran ga mutane, da sharaɗi. Ungozoma ta sassaƙi magani amma ta gefe ɗaya, ta kuma shafe ciwon itacen da laka. Mata su tsinki ganyen kuka da hannu, ban da sare reshe. Yara su tsinci magarya da kanya da suka faɗo. Shanun Ardo, shugaban rugar da ke kusa da mu, su huta a inuwar gefe, kuma shekarar da rani ya yi tsanani Kawu da kansa ya kakkaɓo musu 'ya'yan gawo. In an sha zuma, gida-gida ake bi da ita. Wasu sun shigo sun ga babu komai sai sanyi da kukan tsuntsu. Wasu kuwa har yau sai sun yi addu'ar tsari kafin su tsallake farin dutse, kuma Kawu ya gaji da yi musu bayani.

Bai taɓa sake jin ɗuriyar abokinsa na Mina ba. Ko sunansa bai riƙe daidai ba, kullum da yadda yake faɗarsa. Amma rediyonsa ba ya barin gefensa, kuma duk ranar da aka ambaci ƙasar, ko girgizar ƙasa ko ambaliya, sai ya kashe rediyon ya ɗaga hannu ya yi wa mutumin addu'a, shi da damonsa da birinsa. Wani lokaci yakan ce, "Ko shi ma yana ba su labari na? Yana cewa na ga wani baƙin mutum da bai san ruwa ba?"

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, kowa ya san abin da ke tafe. Taubashina mutum ne mai iyali da yawa, ƙasar da yake nomawa ba ta isarsa, kuma Tsibirin Kunkuru ƙasa ce da in aka sare ta aka dasa albasa za ta riƙe gida. Bai ɓoye ba, ya sha faɗa a gaban uban. Ni ban ga muguntarsa ba, yunwar yara ba abin wasa ba ce. Liman ya zo dubiya ya ce wa Kawu ya yi wasiyya, shari'a ta ba shi dama a kan wani kaso na dukiyarsa, ya ɗaure wuraren kowa ya huta. Kawu ya girgiza kai a kan matashi.

"In an bar su don maganar matacce, wani tsibbun na kuma. Ni so ni kai wani mai rai shi so su. In babu, a sare."

Na fita na tsaya a bayan rumbu na yi kuka, don ina ganin ya ba da su ke nan. Ya cika da hantsi, daidai lokacin da ya saba ɗaukar tulu. Da aka sanar da Gwaggo, wadda yanzu sai an yi mata ihu a kunne, ta yi salati ta share hawaye ta ce, "Allah shi yahe mai tsibbun nan. In ban da shi, mutumin kirki na."

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a zaure. Malamin rabo ya zo da igiyar awo, an kewaya gonaki an dawo. Inna tana cikin takaba, don haka tana zaune daga ciki, bayan asabari, muna jin motsin tasbaharta. Taubashina ya yi gyaran murya ya ce shi a sa masa Tsibirin Kunkuru a cikin kasonsa. Ƙannensa suka sunkuyar da kai. Ni ba magaji ba ne, ba ni da bakin magana, na zauna ina murza hulata. Malamin ya ce to, amma a fara fitar da tumunin takaba, wato kason matar mamaci. An riga an shirya a ba ta fadamar bakin rijiya, wadda ta fi kowace gona a gidan albarka, gyararriya, ga ruwa kusa.

Daga bayan asabari muryar Inna ta fito. "Ba ni son ta. A ba ni dajin."

Malamin ya ce, "Wane daji, Inna?"

"Tsibiran. Duka ukun."

Malamin ya duba awonsa ya ce in an haɗa su kusan kason nata ne, amma ta sani ko dami ɗaya ba sa bayarwa. Taubashina ya matsa kusa da asabarin ya ce, "Inna, mi za ki ci?"

"Abin da kan noma. Ɗauki fadamar rijiya, ta hi Kunkuru ba da albasa, kuma ba ka buƙatar gatari. Ka cishe ni wadda ubanka ya cishe ni."

Liman ya kasa haƙuri. Ya ce, "Ke da kinka yi shekaru kina hwaɗa da wurin ga?"

Ta ce, "Da shi ni ka hwaɗa, Liman, ba da wurin ba. Wa ka cika tulun?"

Taubashina, ƙaton mutum mai jikoki, ya kifa fuska a gwiwa. Da ya ɗago ya dube ni da jajayen idanu, sai ya ce, "Kai tela, mi ka ka kallo? Ba ka taɓa ganin ƙwaro ya shiga ma mutum ido ba?" Aka yi dariya, aka shafa fatiha, malamin ya naɗe igiyarsa.

Washegarin fitarta takaba ta aiko in zo da babur. Na same ta a bakin zaure da tulun nan cike. Na goya ta, ta rungume shi a cinya, muna tafe ruwa yana fantsalo mini a baya tana ce mini tuƙina ma kamar ɗinkina ne. A kan hanyar fadama muka ci karo da masu itacen nan biyu da jakinsu. Suka gaishe ta, sannan ɗayan ya dube ni ya sake rage murya kamar ranar makoki. Inna ba irin Gwaggo ba ce, kunnenta ras yake.

Ta ce, "Tsibbun ku ka tambaya? Shina nan. Ga shi bisa babur da tulu."

Suka kaɗa jakinsu suka yi gaba.

A bakin Tsibirin Kunkuru ta sauka. Ta tsaya jim a gaban farin dutsen, ta yi bisimilla ta tsallaka, karo na farko a rayuwarta. Na bi ta a baya ina nuna mata inda kasake suke. Ta zuba ruwa a na farko, ta zuba a na biyu. Zabi suka fito daga cikin geza suna kallonta a karkace, ta nuna su da yatsa ta ce, "Ku na ɓarayin gyaɗata ko? Ku sha, Allah shi isam mani." Sannan ta zauna a gindin tsamiyar, ta miƙe ƙafa, ta ɗaga kai tana kallon amya da hasken da ke ratsowa ta cikin ganye.

Can ta ce, "Ashe haka wurin yake da sanyi. Tsohon nan bai taɓa gaya mani ba."

Na ce, "Inna, kullum sai ya gaya miki."

Ta ja bakin mayafi ta rufe fuska, na juya baya na ba ta wuri. Ina tsaye ina kallon giginyun nan biyu na roƙi Allah Ya ba Kawu inuwa da ruwan sanyi irin wanda ya ba tsuntsaye, Ya yafe masa dajin da ya sare da ƙuruciya saboda wanda ya tsayar da tsufa, Ya kuma haɗa shi da abokinsa na Mina a inda ba sa buƙatar nuni da hannu. Na roƙa wa Gwaggo ma, da ta ba shi sunan da bai nema ba.

Da Inna ta gama, ta miƙe ta kaɗe zanenta ta miƙo mini tulun.

"Gobe ka zaka da wuri," in ji ta, "ka biya kasuwa ka sawo kasko. Na can gindin kanya ya tsage."